Kafin Ka Ɗora Injin Kakanka A Sikelin 'Yan Gwangwan, Tsaya Ka Ji

 Yau babu darasin filashin, babu maganar wayar da ta faɗa ruwa. Wanda ya shigo don cigaban bayanin bakin caji ya yi haƙuri zuwa jibi. Yau faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ka ga hoton injin da na saka ranar Lahadi ka ce wai in kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli in huta. Ba kai kaɗai ba ne, kuna da yawa. Wani cewa ya yi ina ruwan mai gyaran waya da baƙin mai, in tsaya a kan abin da na iya. Wani kuma ya ce tayar da tsohon inji wasan Turawa ne, waɗanda suka ci suka ƙoshi suka rasa abin yi. To na ji taku. Yanzu kai ma ka ji tawa.

Injin nan na yankan shinkafa ne, irin wanda mutum yake riƙewa da hannu biyu yana bin sa a baya. A gabansa akwai wuƙa mai haƙora, faɗinta ya ɗan wuce mita ɗaya, tana kai da komo tana datse kara, sai sarƙa ta kwashe ta kwantar da shi gefe guda a jere, masu ɗauri su biyo baya. Silinda ɗaya gare shi, gas yake sha, iska ce take sanyaya shi. Kakanmu ne ya saye shi a gwanjo lokacin da wata babbar gona ta rufe, tun ba a haife ni ba. Ya yi shekaru yana aiki da shi a wajen Kura, har haya ake zuwa ɗauka. Ranar da ya ƙi tashi sai aka tura shi bayan rumbu, aka ce bayan girbi za a kira bakanike. Ina aji uku na firamare a lokacin. Bakaniken nan har yau bai iso ba. Tsohon ya rasu, injin ya zama ɗakin kwanan kaji.

Bana da aka tashi gyaran gida, Baffa ya kira ɗan gwangwan. Mutumin ya zagaya injin sau ɗaya, ya ɗan buge shi da ƙafa, ya faɗi kuɗin da ko sikirin ɗin babbar waya ɗaya ba zai saya ba. Abin da ya ƙona min rai, Baffa bai ce a'a ba, cewa ya yi a ƙara dubu biyar. Na durƙusa na ce, "Baffa, a yi min alfarma a bar shi zuwa kaka. In bai yanki shinkafar bana ba, ni da kaina zan kira mai sikelin." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai da kake tsintar noti da hantsaki, kai ne za ka tayar da wannan?" Ya dai bar min. Don haka ka sani, ba hoto nake ɗauka don a danna min alamar so ba. Wa'adi gare ni, kuma shinkafa ba ta jiran kowa.

Bari mu fara da sikelin nan naka. Me sikeli yake aunawa? Nauyi kawai. Sikeli bai san bambancin ƙofar da tsatsa ta cinye da akwatin giya ba. A cikin injin nan akwai karanshaf da aka goge shi daidai da awon da ido ba ya gani. Akwai famfon gas wanda sandar cikinsa da ramin da take shiga an haɗa su ne kamar hannu da safa, ko gashin kai ba zai ratsa tsakaninsu ba. Akwai haƙoran giya da aka gasa aka ƙarfafa. Nuna min masana'anta ɗaya a unguwarku da take ƙera irin wannan famfon. Amma a kan kuɗin cefanen sati guda za ka miƙa shi a narkar da shi ya koma rodin gini. Kai da kanka, in wayarka ta ɗauke, ba ka taɓa zuwa shagona ka ce in auna ta a kilo ba. Zuwa kake kana roƙo, injiniya duba min dai, ko batir ne, ko IC ne. Sau nawa wayar da mai ita ya gama yi mata ta'aziyya take tashi a hannuna saboda jamfa ɗaya siririya? To me ya sa waya take da darajar a duba ta, injin da ya ciyar da gidanku shekara da shekaru ba shi da ita? A kasuwar da ake kira Farm Centre nake zama, kasuwar da sunanta noma ne amma ko fartanya ba a sayarwa a cikinta, kullum kuwa ina ganin mutum ya kashe kuɗin buhun taki a kan gilashin bayan waya.

Sai maganar wasan Turawa. Eh, da gaske ne, a Ingila da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ke nan. Mutum ya sayo ruɓaɓɓen injin girbi daga wata gona, ya ja shi zuwa garejin gidansa, ya yi shekara biyu uku yana kwancewa yana ɗaurawa a ranakun hutu, ya yi masa fenti irin na asali, ya kai shi baje-kolin tsofaffin injina. Ka shiga YouTube ka gani da idonka. Akwai wani inji na kamfanin Allis-Chalmers da ake kira All-Crop, ya fito a 1935, tarakta ce take jan sa, faɗin yankansa ƙafa biyar. Har yanzu ana tayar da su, kuma ba duka don ado ba, masu ƙananan gonakin alkama da wake suna shiga gona da su, saboda babban injin zamani ya fi ƙarfin gonarsu da aljihunsu. Akwai Massey-Harris lamba 21, mai tuƙa kansa, wanda a 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu aka ƙera guda 500 aka sake su suna bin gonakin alkamar Amurka daga kudu zuwa arewa suna girbi. Yau akwai masu neman ragowarsu suna gyarawa.

Yanzu ka tsaya ka yi tunani. Mutumin da yake da sabon inji, yake da bankin da zai ba shi rance ya sayi wani, shi ne yake ganin ƙimar na 1944. Kai da har gobe da lauje ake yankan shinkafa a gonarku, kake bin 'yan ƙwadago kana roƙo su zo gobe su ce sai jibi, kai ne kake da ƙarfin halin zubar da inji? Wa ya fi wani buƙata a nan? Duk wanda ya taɓa noman shinkafa ya san abin da nake faɗa. In ta nuna, yawancin zangarniya ta koma launin kara, kwanaki kaɗan gare ka. Ka ƙara sati, ƙwaya ta fara zuba a ƙasa da an taɓa ta, tsuntsu ya ɗauki nasa, wadda ta bushe da yawa kuma ta kakkarye a injin casa, mai saye ya rage maka kuɗi. Kuma a lokacin ne kowa yake neman masu yanka, daga Kura har Bunkure har Garun Malam, kuɗinsu ya hau. Injin da ka ce in sayar, in yana lafiya, hekta guda a yini ba ta gagare shi ba, da mutum ɗaya a bayansa.

Kada ma ka ce min mu ba mu san aikin sha'awa ba. Mun sani sarai. Akwai mai kashe albashinsa a kan tantabaru. Akwai wanda babur ɗinsa ya fi ɗakinsa ado. Akwai wanda yake awa huɗu a gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, ya ƙara biyu yana musu a kan wanda bai san da zamansa a duniya ba. Ba wanda ya ce musu sun ci sun ƙoshi. Ni na ɗauki yammacin Juma'a da yinin Lahadi na ba wa injin kakana, shi ne na zama abin dariya.

Wani ya rubuto min cewa zamani ya wuce wannan, a nemi sabo mai kwamfuta. Malam, a kan wannan kam ka taɓo inda nake da ta cewa, don kullum da kwamfutar cikin kaya nake kokawa. Ka san halin da manoman Amurka suka shiga da sababbin injinan John Deere? Injin naka ne, ka biya, amma in wata na'ura ta nuna matsala ya rage gudu ko ya tsaya, ko ka canza abin da ya lalace da hannunka, wani gyaran ba ya kammala sai ma'aikacin dila ya zo da manhajar kamfani ya buɗe. A tsakiyar girbi fa. Abin ya kai tun wajen 2017 aka ruwaito manoma suna neman fasassun manhajoji daga Yukren don su shiga injinansu. Ya kai tsofaffin taraktocin shekarun 1970 da 1980 suka yi tsada a wajen gwanjo, don su sifana kawai suke buƙata. A watan Janairun 2023 kamfanin ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar cewa zai sassauta. A shekarar kuma jihar Colorado ta yi dokar da ta ba manomi 'yancin samun kayan aiki da manhajar gyaran injinsa. Duk da haka a Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu a kan wannan maganar ta gyara. A 2022 ma an ruwaito sojojin Rasha sun kwashi injinan John Deere daga wani dila a garin Melitopol na Yukren suka kai Checheniya, da suka isa suka tarar an kulle su daga nesa, sun ƙi tashi. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma bayan dariyar sai na tuna, makullin da ya kai Checheniya ai babu inda ba zai kai ba, kuma ba a hannun manomi yake ba.

Mu masu waya mun riga mun ga wannan fim ɗin. A 2021 da iPhone 13 ta fito, in aka canza mata sikirin a wajen da ba na kamfani ba, buɗewa da fuska ta daina aiki, ko da sikirin ɗin na asali ne aka ciro daga wata wayar. Sai da duniya ta yi ca sannan aka janye. Ni ban ce sabon inji ba shi da kyau ba, wanda yake yanka ya sussuke ya shiƙe a tafiya ɗaya ai ba sa'an nawa ba ne. Amma in ya tsaya a Kadawa ranar Talata, wa zai zo maka da kwamfutar? Daga ina? A kan nawa? Nawa injin babu waya ko ɗaya a jikinsa. Mai, iska, matsi. In ukun nan sun haɗu dole ya tashi, ba ya neman izinin kowa.

To sai babbar hujjarku: babu kayan gyara. Wannan ita ce maganar da ta kashe injina a ƙasar nan fiye da tsatsa, kuma mafi yawan masu faɗarta ba su taɓa kwance noti ɗaya sun je nema ba. Bari in faɗa maka abin da na tarar, ko ka ƙaru in akwai irinsa a bayan gidanku.

Abu na farko, ban yi ƙoƙarin tayar da shi ba. Kuskuren da kowa yake yi ke nan, a zuba gas a hau ja da ƙarfi. Injin da ya shekara goma sha yana zaune, zoben fistin ɗinsa ya manne da bango, in ka tilasta shi ka karya zobe ko ka kankare silinda, ƙaramar matsala ta zama babba. Na kama babbar ƙafar nan mai nauyi da hannu na gwada juyawa, ko motsi. Sai na cire nozul, na zuba gas haɗe da jan man giyar mota ta ramin, na toshe da tsumma na tafi. Duk bayan kwana biyu uku in ƙara kaɗan, in ɗan girgiza ƙafar gaba da baya a hankali. Babu guduma. A kwana na goma sha shida ta motsa kamar faɗin yatsa. Wallahi ranar ji na yi kamar wayar da ta mutu ta nuna alamar caji.

Kafin in kwance komai sai na ɗauki hoto, ta gaba ta baya ta ƙasa. Wannan daga gyaran waya na koya: noti ɗaya in ya shiga ramin da ba nasa ba ya isa ya huda fanel. Kwalin ƙwai na samu, kowane rami da notinsa, na rubuta a jiki. Abin da Baffa ya yi min gori a kansa shi ne ya fi yi min amfani.

Da na buɗe wajen shan iska, me na gani? Gidan zanzaro, cike taf, har cikin bututu. Tsakanin haƙarƙarin da suke sanyaya silinda ma duk laka ce ta zanzaro da ƙaiƙayi. Tankin mai kuwa rabinsa ruwa ne da tsatsa. Na zuba tsofaffin notina da gas a ciki na yi ta girgizawa ina zubarwa har ya fita fes. Na zubar da tsohon baƙin mai, na wanke ciki. Na cire kan silinda, bawul ɗaya ba ya zama daidai, na goge shi da man gogewa har ya zauna, na sa sabon gaskit. Nozul ɗin ban taɓa shi da kaina ba, na kai wa masu gyaran famfon gas, suka ɗora a na'urarsu. Maimakon ya yi feshi kamar hazo, ɗiga yake yi. Allurar ciki ce ta manne. Ina kyautata zaton abin da ya kwantar da injin tun farko ke nan, ruwa a cikin mai. Ka ji fa. Abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba shi ya ajiye inji shekara goma sha. Kuma ka kiyaye, kada ka kuskura ka sa hannu a gaban nozul yana feshi, ƙarfinsa yana huda fata ya tura gas cikin nama, aikin asibiti ne.

Boris kuwa, a nan ne maganar babu kaya take zama abin dariya. Boris ba ya da ƙabila. Ka goge gefensa za ka ga lamba. Na jikin nawa 6204 ne da 6205, kuma lambar ɗaya ce a duk duniya, ko a injin markaɗe ko a famfon ban ruwa. In lambobi biyun ƙarshe 04 ne ko sama da haka, ka ninka su da biyar, ka samu faɗin raminsa: 04 milimita 20 ke nan, 05 milimita 25. Duk mai sayar da kayan inji yana da su. Haka bel, harafi ne da lamba a bayansa, in ya goge ka zagaya igiya ka auna ka tafi da tsohon. Haka sil ɗin mai, awonsa a rubuce yake a jiki. Abin da babu a shago, masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar maka da shi in ka kai musu samfur. Ka je Kofar Ruwa a Kano, ka je Panteka a Kaduna, ka ga abin da mutane suke ƙerawa da hannu. Kana zaune kana kallon bidiyon 'yan Pakistan suna haɗa karyayyen karanshaf kana cewa kai, waɗannan mutane, alhali irinsu suna nan kilomita biyar daga gidanku ba ka taɓa leƙa su ba. In ma tarakta ce ta mutu a gidanku, Massey Ferguson 135 da aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975 har yau ana buga kayanta sababbi, ƙannenta kuma irin su 240 da 375 ana ƙera su a Pakistan, su ne ma suka cika gonakinmu.

Tsatsa kuma da abin shagona na cire ta, wannan ku masu gyaran waya ku riƙe. Bokitin roba, ruwa, cokali ɗaya na sodar wanki a duk lita huɗu, in babu ita bekin soda ma yana yi. Ka rataya ƙarfen da ya yi tsatsa a ciki ka maƙala masa baƙar waya, wato nagetif. Ka sa wani ƙarfen banza a gefe ka maƙala masa jar waya, kada su taɓa juna. Na'urar ba da wuta da muke gwada fanel da ita, ka saita ta a bolt 12, ta isa ƙananan kaya. Manya sai cajar batirin mota. Za ka ga kumfa tana tashi, ka bar shi ya kwana, da safe ka goge da burushi, tsatsa ta saki. In ka juya wayoyin, kayanka ne zai cinye, don haka ka duba sau biyu. A waje ake yi don iskar da take fita tana kama wuta. Kada ka sa gishiri, kada ka yi amfani da ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, ruwan yana zama guba. Banda alminiyam. Da ka fitar ka busar ka shafa mai nan take, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja.

Ranar tayarwa na fitar da iskar da ke cikin layin mai, na sassauta notin har kumfa ta ƙare gas zalla ya fito. Na ajiye guntun katako a kusa, don injin gas in ya samu mai ta inda bai kamata ba yana iya ɗaukar gudu ya ƙi mutuwa, maganinsa a toshe masa bakin iska, kuma da katako, ba da tafin hannu ba. Na danna sandar sassauta matsi, na ja. Ya yi tari. Na uku ya yi tari ya fitar da farin hayaƙi. A na bakwai ya kama. Kaji suka watse, yara suka cika gidan. Baffa ya fito daga zaure ya tsaya, bai ce min komai ba, sai can ya ce, "Haka ƙararsa take." Ya koma ciki.

Gaskiya ɗaya ce, ba kowane inji ne zai tashi ba, kuma ba zan yaudare ka ba. In gangar jikin ta tsage, ko akwatin giya ya sha ruwa haƙora sun ruɓe, lissafin ba zai fita ba. Ko a nan ma ka kwance shi ka sayar da sassan ga mai irinsa, ya fi maka kilo. Tsohon inji ya fi sabo shan mai, ya fi shi ƙara, kuma ba shi da kariya, wuƙarsa ba ta san kara da yatsa ba, don haka ba a taɓa gabansa sai an kashe shi, yara kuma nesa. Na kashe kuɗi, na ƙone hannu, akwai Lahadin da na yi asarar kwastomomi. Mai cewa zai rage wa 'yan ƙwadago aiki shi ma ban raina maganarsa ba, duk da dai ɗauri da jigila da sussuka suna nan suna jiran hannu. Su ma 'yan gwangwan ba da su nake faɗa ba, sana'arsu suke, abin da ka miƙa musu shi za su auna. Da mai miƙawar nake.

Don halin nan ya wuce bayan rumbunmu. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na zamanin Obasanjo, a 1980 Shagari ya zo da nasa na bunƙasa noma. An gina dam ɗin Tiga, an gina Bakolori. A da can kamfanin Steyr ya haɗa tarakta a Bauchi, a Kano kuma an haɗa na Fiat. Injina sun shigo ƙasar nan ba kaɗan ba. Ina suke? Ka bi manyan hanyoyinmu ka leƙa ta saman katanga, za ka gan su a jere, taya ta nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari. Da yawansu abin da ya kwantar da su bai wuce abin da ya kwantar da nawa ba. Sai a bar su, a jira a sayo sababbi, a jera su a yanka kirtani a tafa. Bayan shekara biyar su ma su koma bayan katangar. Kai kuma kana zagin masu yin haka a shafinka da safe, da yamma ka zo ƙarƙashin hotona ka ce in kira mai sikeli. Meye bambancinku? Su nasu da yawa ne, naka ɗaya ne, shi ke nan.

Wanda ya ce in tsaya a kan abin da na iya, ai a kai nake. Sakandare na gama, ba wanda ya ba ni takardar gyaran waya, zama na yi a gefen maigidana ina kallo har na iya. Bin layi ne daga inda wuta take shiga zuwa inda ta tsaya. A inji kuma bin mai ne daga tanki zuwa inda ya tsaya. Abin da ban iya ba na ɗauka na kai wa wanda ya iya, na tsaya a kansa ina tambaya har ya gaji da ni.

Inda nake yanzu: inji yana tashi a ja biyu, giya tana shiga gaba da baya, na canza boris huɗu da bel ɗaya. Saura wuƙar. Haƙora bakwai sun karye, irin masu kusurwa uku da ake ɗaurewa da ribit, ɗaya daga cikin taurarin robar da suke tura kara kuma rana ta cinye shi. Wani maƙeri ya ce zai gwada fitar min da haƙoran daga tsohon zarto, amma na fi son na asali in za a samu. Shinkafar Baffa ta fara fitar da kai, abin da ya rage min bai fi sati biyar ba. In akwai mataccen irin wannan injin a garinku, don Allah kada a kira mai sikeli tukuna, a ɗauko min hoton gabansa a turo. Ranar Lahadi da safe ina Kofar Ruwa da karyayyen haƙori ɗaya a aljihuna. Darasin bakin caji yana nan jibi.